Yadda ake gyara inji bayan sarƙarsa ta tsinke a tsohuwar mota

Sarƙar inji ita ce ke haɗa bilbireke, babban sandan ƙasa da fistan ke juyawa, da arbakam, sandan sama mai buɗe supap, wato bawul masu buɗe wa mai da hayaƙi hanya. In na ƙasa ya yi juyi biyu, na sama juyi ɗaya yake yi, kuma wannan lissafin ne ke sa kowane supap ya koma mazauninsa kafin fistan ya iso sama. Ranar da sarƙar ta tsinke, arbakam yana tsayawa cak da wasu supap a buɗe, shi kuwa bilbireke gudun mota na ci gaba da juya shi, sai fistan ya hau ya dake su. Cikin daƙiƙa ɗaya an gama ɓarnar. Shi ya sa duk bakaniken da ya ce maka "sarƙa ce kawai, Alhaji, yau za ka tafi da motarka" tun bai buɗe komai ba, ka yi hattara da shi. Sarƙar ita ce mafi araha a cikin aikin. Babban aikin shi ne gano abin da ta lalata, da kuma abin da ya kashe ta.

Zan ɗauki injin Toyota 22R a matsayin misali, mai lita 2.4, wanda ke cikin tsofaffin Hilux masu shan fetur da har yanzu ke jigilar buhuna tsakanin Garwa, Gidar da Marwa. Daga 1983 kamfanin ya sa masa sarƙa mai layi ɗaya da takalman roba masu riƙe ta a kan hanyarta, kuma nan ne rauninsa yake. Matakan kusan ɗaya ne a Mercedes 190 mai fetur, ko Corolla da Yaris na shekarun 2000 masu sarƙa, amma alƙaluman da zan bayar na 22R ne kaɗai. Kowane inji da littafinsa.

A bakin hanya

Mota na tafiya sai ka ji ƙara kamar an zube tsakuwa a cikin kwano, inji ya mutu, fitilun gaban direba suka kama. Birki zai yi tauri bayan taka ɗaya ko biyu, sitiyari ma haka in mai taimakon mai ne, don haka ka gangara gefe tun motar na da sauran gudu. In a gangaren dutsen nan na hanyar Gaundare zuwa Garwa abin ya same ka, ka sa duwatsu a tayoyi kafin ka yi tunanin komai.

Daga nan kada ka sake murɗa makulli. In ka riga ka murɗa sau ɗaya ka ji demarar, na'urar tayar da mota, na juya inji da sauri fiye da yadda ka saba, ba nauyi, wannan ya isa shaida. Kada kuma ka yarda samari su taru su tura motar don ta tashi a giya ta biyu. Niyyarsu mai kyau ce, amma supap da suka lanƙwashe za su ƙara lalacewa, wani ma ya karye ya huda fistan. A ja ta a firi zuwa gareji. Mai canza giya da kanta a ɗora ta a kan babbar mota, kada a ja ta nesa da tayoyinta a ƙasa.

Dubawa kafin a kashe ko dala

Cire wayar batir ta negatif, wadda ke haɗe da jikin mota. Buɗe murfin saman inji, ka haska tocila gaba wajen pinyon arbakam, faifan nan mai haƙora da sarƙa ke hawa. Ko dai ka ga sarƙar ta saki tana lilo, ko ka ga pinyo tsirara, ita ta faɗa ƙasa. Wani lokacin ba tsinkewa ta yi ba, tsallake haƙora ta yi saboda takalmi ya karye. Ɓarnar tana iya zama iri ɗaya, aikin ma haka.

Sai ka bi supap ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya lanƙwashe ba ya komawa sama gaba ɗaya, za ka ga ƙarshen sandansa ya yi ƙasa da na sauran, tsakaninsa da kulbitar mai danna shi akwai rata mai faɗi wadda yatsa ma zai ji. Cire buji, wato filogi, duka huɗu ka jera su bi da bi. Wanda bakinsa ya murƙushe yana gaya maka akwai gutsuren ƙarfe a cikin wannan silinda.

Akwai gwajin da ba kowa ke yi ba, alhali yana tsare wa mai mota kuɗi masu yawa. Sassauta kusoshin saiti na kulbitar har supap duka su rufe, sannan ka hura iskar kwamfaresa ta ramin buji, mota na cikin giya an ja birkin hannu. Ka kasa kunne. Iska na fita ta kafireto, supap na shigar mai ne ya tafi. Ta salansa, na fitar hayaƙi ne. In ka ji ta da ƙarfi ta bakin zuba baƙin mai, matsalar ta kai fistan ko zobbansa. In ruwan lagireto ya yi kumfa, juwan kilas ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kilas (kan inji) da bulok, ko kilas ɗin ya tsage. Idan dole ne ka juya bilbireke, da sifana za ka juya shi da hannu, a hankali, kuma da zarar ya toge ka tsaya. Kada ka ƙara masa bututu don ƙarfi.

Tsiyaye baƙin mai a cikin kwano mai tsabta, ka duba shi a rana. Ƙyalƙyalin ƙarfe alama ce ta ɓarna a ƙasa. In kuwa man ya koma kalar shayi da madara, a 22R akwai sanannen dalili: takalmin roba ya daɗe da karyewa, sarƙar ta yi ta gogar murfin gaba har ta huda shi zuwa hanyar ruwa da ke bayan famfon ruwa. Mutane da yawa na ɗora laifin a kan juwan kilas, su canza shi, ruwa ya ci gaba da shiga mai.

Sai bayan wannan ne za ka zauna da mai mota. Ka gaya masa gaskiya cewa cikakken lissafi ba zai fito ba sai an sauke kilas da kaskon mai, ku yi yarjejeniya a kan kuɗin buɗewa daban, kuɗin gyara daban. Wannan yana kashe rigima tun ba ta taso ba.

Sauke kilas

A bar inji ya huce sarai. Kilas na alminiyam in an kwance shi da zafi yana karkacewa. Ɗauki hotuna da waya na duk wayoyi da ƙananan tiyo kafin ka taɓa su, musamman na kewayen kafireto. Nemi kwali ka zana siffar murfin gaba a kai, duk kusar da ka cire ka soke ta a gurbinta, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma doguwa a ramin gajera tana fasa abin da ke bayanta. Yaran gareji su yi aikin a kan tabarma ko buhu, ba a kan rairayi ba, balle lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina.

Tsiyaye ruwa, cire lagireto, fanka, bel, delko mai rarraba wuta, da bututun shiga da na fita. A 22R akwai wata ƙaramar kusa guda a gaban kilas, ƙarƙashin pinyon arbakam, nutse a cikin baƙin mai, tana ɗaure kilas da murfin sarƙa. Wanda bai san da ita ba zai kwance manyan kusoshi goma, ya ga kilas ya ƙi tashi, ya sa ƙarfe ya ɓanɓare, ya fasa. Fara da ita. Manyan kuma a kwance su daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan a zagaye biyu ko uku. Su ne kuma ke riƙe da jerin kulbitar, don haka a ɗaga jerin gaba ɗaya a ajiye yadda yake.

Abin da kilas zai nuna

Nan ne ya kamata a daɗe. Kwantar da kilas a gefensa ka zuba kananzir a kowace ƙofa, ka duba ta fuskar supap. Inda ya ɗiga, ba ya rufewa. Daga nan ka matse sifirin ka fitar da supap duka, kana soke su a kwali da lamba. Supap ɗin da ya ƙi fita da sauƙi kada ka buga shi da ƙarfi ta cikin gid, ƙaramin bututun da yake kai da komo a ciki. Goge kaifin ƙarshen sandansa da fayil tukuna.

Ido ba ya isa a gane lanƙwasa. Mirgina kowane supap a kan gilashi mai lebur kansa na rataye a gefe, ko ka kama shi a bakin injin huji ka juya a hankali. In kan yana rawa ko kaɗan, jefar da shi. Ra'ayina a nan ba ya canzawa: supap da ya lanƙwashe ba a miƙar da shi da guduma. Na san ana yi, na kuma san dalili, kuɗi ne. Amma ƙarfen da ya lanƙwashe aka mayar ya riga ya raunana a wuyansa, kuma supap na fitar hayaƙi yana aiki ne cikin zafin ɗaruruwan digiri. Ranar da kansa ya ɓalle a kan hanyar Kusiri, fistan da kilas da silinda za su tafi tare. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. In fistan ya taɓa supap ɗaya a silinda, ni nakan canza na silindar duka biyu.

Duba gid da tocila ta cikin ƙofa. Lokacin da supap ya lanƙwashe yakan tsaga bakin gid, kuma sabon supap a tsagaggen gid zai sha mai ya yi hayaƙi, wata rana gutsuren ya faɗa silinda. Sa sabon supap a ciki ka girgiza shi gefe da gefe. In yana wasa da yawa, aikin turnar ne, mai sassaƙa ƙarfe, shi ke da injin cirewa da dasawa, kuma duk gid ɗin da aka canza sai an sake yanka mazaunin supap ɗinsa don su daidaita. Duba kulbitar ko akwai tsaga, duba arbakam a kan gilashi ko wurin turnar, duba ɗan fegin da ke riƙe pinyo a bakinsa, domin yakan karye ko ramin ya buɗe.

Kankare fuskar kilas da abin da ba zai yi mata rauni ba, ka aza miƙaƙƙen ƙarfen awo a tsaye, a kwance da kuma kusurwa zuwa kusurwa, kana gwada zura siraran ƙarafan kal a ƙarƙashi. A 22R iyakar karkata milimita 0.15 ce. In ta wuce, a kai a share fuskar, amma ka roƙi turnar ya ɗebi mafi ƙanƙantar abin da zai yiwu. Duk abin da aka ɗebe yana kusantar da arbakam zuwa bilbireke, sarƙa ta ƙara saki, taimin ya ɗan ja baya. Tsofaffin motocinmu da yawa an riga an share kilas ɗinsu sau biyu ko uku saboda zafin Maris da Afrilu. Irin wannan gara a nemi wani kilas. In motar ta taɓa tafasa, a gwada shi da matsin ruwa ko akwai tsaga.

Sababbin supap a goga su a mazauninsu da man gurza har sai zobe mai launin toka ya fito a zagaye ba yankewa. A wanke sosai, domin man gurza yashi ne, in ya saura zai ci gid. A sa sababbin robobin kan gid, a mayar da sifirin, a sake gwajin kananzir.

Fistan da abin da ke ƙarƙashinsa

Goge saman kowane fistan. Ɗan tabo mai siffar jinjirin wata a tsakiya ba ya hana aiki, a goge kaifinsa kawai don kada ya riƙa yin ja da zafi. Tabon da ke bakin gefe shi ne abin tsoro, domin yakan matse ramin zobe na sama ya kama shi. Irin wannan sai an fitar da fistan. Tsaga ko huji kuwa babu magana.

Kawo fistan na 1 da na 4 can sama, ka aza ƙarfen awo a fuskar bulok, ka auna tsayin kowanne da kal. Haka na 2 da na 3. Wanda ya gaza 'yan'uwansa biyal ɗinsa, sandan da ke haɗa shi da bilbireke, ya lanƙwashe. A injin fetur ba kasafai ake samun haka ba, amma a mai gas, wato dizal, inda fistan ke kusan taɓa kilas, wannan awon wajibi ne. Shafa bangon silinda da farce. Layin da farce ya maƙale a ciki yana nufin aikin ya wuce na sama.

Kaskon mai

Wannan matakin shi ake yawan tsallakewa, domin a Hilux mai jan ƙafa huɗu wurin ya matse, sai an sha wahala kafin kasko ya fito. Duk da haka a sauke shi. Gutsattsarin takalmin roba da ƙarafan sarƙa ba su ɓace ba, suna kwance a ƙasa, kuma rariyar famfon mai za ta tsotso su su toshe ta. Motar za ta tashi lafiya, ta yi mako biyu, sannan fitilar mai ta kama a tsakiyar daji, kusine, ƙarafan da bilbireke ke juyawa a cikinsu, su narke. Tara gutsattsarin ka jera su kusa da tsohon takalmi ka ga ko sun cika. Cire rariyar ka wanke ta da fetur har ka ga haske ta cikinta. Tunda kasko na ƙasa, buɗe murfin biyal ɗaya ko biyu ka ga fuskar kusine. In jan ƙarfe ya bayyana ko akwai zane, a canza su duka, a auna bilbireke. Famfon mai na 22R yana jikin murfin gaba ne, a buɗe shi shi ma a duba haƙoransa.

Sayen kaya

A sayi saiti cikakke: sarƙa, pinyon sama da na ƙasa, takalma biyu, tandar mai matse sarƙa, robar bakin bilbireke, da juwan duka. Sabuwar sarƙa a kan tsohon pinyo mai haƙora masu kaifi ba ta daɗewa. Tafi shago da tsofaffin a hannu, ka ƙirga gaɓoɓin sarƙa. Injin 22R na 1985 zuwa sama bulok ɗinsa ya fi na baya gajarta, sarƙarsa da murfinsa ba sa shiga na baya, kuma motocin nan da yawa injin da ke ciki ba shi ne na asali ba, don haka takardar mota ba za ta taimake ka ba. Akwai takalmi mai bayan ƙarfe da ake yi wa wannan injin, in ka same shi ya fi na roba zalla. Murfin da sarƙa ta huda ko ta ci sosai a canza shi, liƙi da gam ba ya riƙe ruwan zafi.

Kaya na shigo mana ta Mubi da Yola, wasu daga Camp Yabassi a Duwala, kuma kwali mai kyau ba shaida ba ce. Riƙe sarƙar a kwance ta gefenta ka ga yadda take sunkuyawa. Sabuwa ta ƙwarai kaɗan take yi. Araha ba ta ado, musamman a tandar.

Tandar ɗin nan da matsin baƙin mai yake tura sarƙa. Ƙaramin rami ne ke kai masa mai, kuma in ka duba tsohon sau da yawa za ka tarar da ramin ya toshe da dattin mai da ya daɗe ba a juye ba. Asalin ciwon ke nan. Ƙurar hunturu, zafin da ke haura digiri 40 a Garwa, man da ake aunawa a kwalba a bakin titi wanda ba a san asalinsa ba, su suka taru suka kashe sarƙar a hankali, kuma ta yi ta gargaɗi da ƙarar kaca-kaca kowace safiya kafin mai ya hau. Hura iska ta ramin da ke jikin bulok ka tabbatar a buɗe yake kafin ka ɗaura sabo.

Haɗawa da saita taimin

Kawo fistan na 1 can sama, ramin makullin bilbireke na kallon sama. Ɗaura takalma da tandar. Sarƙar na zuwa da gaɓoɓi masu haske: a daidaita na ƙasa da ɗigon pinyon bilbireke, na sama da ɗigon pinyon arbakam, kamar yadda takardar saitin ta nuna. Ɗaure sarƙar da pinyon sama da waya don kada ta zame yayin da kake mayar da murfi. Sa ɗan gam a wuraren da murfi da bulok da kilas suka haɗu, da inda suka haɗu da kasko. Ɗan kaɗan, domin rarar gam ma rariya take zuwa.

Wanke ramukan kusoshin kilas ka busar da su. Mai ko ruwa a ƙasan rami yana ba da ɗauri na ƙarya, yana ma iya tsaga bulok. Juwan kilas sabo ake sawa, a bushe. Juya arbakam fegin bakinsa ya kalli sama kafin ka aza kilas. Ɗaure kusoshi daga tsakiya zuwa gefe a zagaye uku har zuwa 78 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri), da sifana mai awo. Ɗaurin "hannuna ya sani" shi ke ƙona juwan kilas bayan wata uku. In gareji ba shi da ita a aro. Kusar pinyon arbakam ita ma 78 Nm, ta fulin bilbireke, faifan da bel ke hawa, 157 Nm. Kada a manta ƙaramar kusar gaba. A Mercedes kusoshin kilas masu miƙewa ne, ana auna tsawonsu, wadda ta wuce iyaka a canza.

Yanzu juya inji da hannu zagaye biyu cikakku, buji a cire. Ya tafi sumul ba togewa, kuma alamar fuli da ta pinyon sama su dawo inda suke. Kada ka damu in gaɓoɓi masu haske ba su dawo kan ɗigo ba, ba sa dawowa a zagaye biyu, alamomin pinyo ake dubawa. In ya toge, tsaya ka sake lissafi. Saita ratar supap: milimita 0.20 na shiga, 0.30 na fita. Da zafi littafin ya ce a auna, don haka wannan na wucin gadi ne. Mayar da delko hancinsa na kallon wayar silinda ta 1, jerin wuta 1-3-4-2.

Tayarwar farko

Sabon mai, sabuwar matatar mai, ruwa mai tsabta a lagireto. Cire wayar wuta, buji na waje, ka juya da demarar har fitilar mai ta mutu, domin tandar ya cika kafin inji ya ɗauki gudu. Auna matsin kowace silinda a lokacin. Lafiyayyen 22R na ba da wajen kilo 12 (kg/cm²) a agogon awo, kada ya gaza 10, kuma bambanci tsakanin silinda kada ya wuce kilo 1. Mayar da buji ka tayar. Ƙarar sarƙa ta daƙiƙa biyu ko uku ba komai, wadda ta ci gaba kuwa a kashe a duba. Bar shi ya yi zafi a tsaye, murfin lagireto a buɗe har iska ta fita, idonka a kan allurar zafi da ƙarƙashin mota. Kashe, sake saita supap da zafinsu, sannan saita wuta da fitilar taimin.

Kwanakin farko kada a yi mata lodin buhunan masara a hau dutse. Bayan kilomita 500 zuwa 1000 a juye mai da matata, a duba abin da ya fito, a sake auna supap.

Idan kuwa awo ya nuna biyal ya lanƙwashe, silinda ta yi zane mai zurfi, kilas kuma ya tsage, haɗa kuɗin kaya da na turnar ka kwatanta da injin okaziyo, wato na hannu. Sau da yawa okaziyon ne ya fi sauƙi. Kafin a biya, a cire buji a juya shi da hannu, a buɗe murfin sama a ga ko dattin mai ya daskare, a haska tocila a ga takalman sarƙa. Kuma tun yana ƙasa, kafin a ɗora shi a mota, a sauke kaskonsa a wanke rariya, a sa masa sabon saitin sarƙa, domin a ƙasa aikin rabin yini ne.